Dakatarwa Iri Biyu: Rabin Albashin Da Ke Tsakanin "Interdiction" Da "Suspension"

Wani dare, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, labari ya iso teburina daga wakilinmu cewa wata hukumar tarayya ta ɗauki mataki a kan ma'aikatanta huɗu bisa zargin ɓatan wasu kuɗaɗe. Sanarwar hukumar da Turanci take, kalmar da ta yi amfani da ita kuwa ita ce "interdicted". Na fassara ta da "an dakatar", kamar yadda kowa ke yi a ɗakunan labarai na Hausa. Da na ga kanun ya yi gajere, sai na ƙara masa kalmomi biyu domin ya cika layi: "ba albashi". A zatona a lokacin, duk wanda aka dakatar albashinsa ya tsaya, don haka ban ga abin dubawa ba.

Washegari da hantsi aka haɗa ni da wani dattijo a waya, ɗaya daga cikin mutum huɗun. Bai ɗaga murya ba. Ya ce mai gidan da yake haya a Mararaba ya ga labarin tun asuba, ya aiko a tuna masa cewa wa'adin kuɗin haya ya ƙarato, ma'ajin ƙungiyar adashen ofishinsu kuma ya kira shi sau biyu. Sa'an nan ya ce: "Malam, gwamnati rabi ta riƙe. Ɗaya rabin ku kuka cinye mini a jarida."

Shekara huɗu na yi ina karatun Turanci a jami'a, ban taɓa cin karo da darasin da ya raba waɗannan kalmomi biyu ba. Ƙamus ma ba ya raba su yadda zai amfani ma'aikaci. Inda aka raba su shi ne littafin da ke cikin durowar kowane jami'in gudanarwa a Sakatariyar Tarayya, wato Dokokin Aikin Gwamnati, kuma a can bambancin nasu da naira ake auna shi.

Kama da wane ba ta wane. A babin ladabtarwa na bugun 2008 na dokokin, doka mai lamba 030404 ita ce ta yi bayanin "interdiction". Idan an fara bin wani babban zargi a kan jami'i, irin wanda zai iya kai shi ga kora, Babban Sakatare ko shugaban hukumar yana iya janye shi daga aiki har a kammala maganar. Jami'in zai daina zuwa ofis. Amma dole takardar da za a ba shi ta bayyana cewa zai riƙa karɓar kashi 50 cikin ɗari na albashinsa. Idan aka gama bincike aka tarar ba shi da laifi, dokar ta ce a mayar da shi bakin aiki nan take, a kuma biya shi duk abin da aka riƙe masa. Idan aka same shi da laifi amma hukuncin bai kai kora ba, Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya tana iya mayar masa da wani kaso na kuɗin gwargwadon yadda ta ga ya dace.

Doka ta 030406 kuma ita ce ta "suspension", kuma abin da ta fara yi shi ne gargaɗi: kada a ɗauki wannan kalma a matsayin mai ma'ana ɗaya da waccan. Da wuya ka ga littafin doka ya tsaya yana koyar da ma'anar kalmomi, sai dai idan masu rubuta shi sun gaji da ganin ana cakuɗa su. Wannan mataki na jami'in da hujjar farko ta riga ta nuna cewa akwai babban laifi a kansa ne, abin da lauyoyi ke kira "prima facie", kuma maslahar jama'a ta buƙaci a raba shi da aikinsa ba tare da jinkiri ba. A nan ana raba shi da ikon kujerarsa, ana kuma raba shi da albashinsa baki ɗaya, har a gama bincike. Jimlar nan da ta yi alkawarin mayar da kuɗi ga wanda aka wanke, wadda ke cikin doka ta 030404, ba a maimaita ta a cikin wannan ba.

An sake fasalin dokokin a bugun 2021, wanda ya fara aiki a 2023, saboda haka mai riƙe da sabon littafi ya nemi babin ladabtarwa da sunansa, kada ya dogara da lambobin tsohon bugu.

A ɗauki misalin jami'in da albashinsa yake naira 200,000 a wata, bincikensa kuma ya ɗauki wata shida. In kalmar da ke cikin takardarsa "interdiction" ce, naira 600,000 za ta shigo masa a tsawon lokacin, sauran 600,000 kuma tana ajiye da sunansa idan ya fita da tsabta. In "suspension" ce, ko kwabo ba zai gani ba. Wanda ya san rayuwar ma'aikacin da ke tasowa daga Suleja ko Nyanya ko Kubwa kullum asuba, ga bashin ƙungiya, ga kuɗin makaranta, ga 'yan'uwa a gida da ke jiran ƙarshen wata, ya san rabin albashi ba ya riƙe gida. Amma yana sayen hatsi, yana hana mai gidan haya buga ƙofa. Babu kuwa babu ce.

Abin da ya fi ɗaure mini kai da na koma kan kalmomin shi ne yadda amon kowace ya saɓa wa aikinta. Wadda ta fi tsoratarwa a kunne ita ce mai sauƙi a aljihu.

"Interdiction" daga Latin take, daga kalmomi biyu masu nufin "tsakani" da "faɗa": mai iko ya jefa maganarsa tsakanin mutum da abin da yake yi, ya haramta masa. A tsohuwar daular Rum, alƙali yakan ba da irin wannan umarni na hani, kuma ɗaya daga cikin hukunce-hukuncensu mafi tsanani shi ne a haramta wa mutum ruwa da wuta, wato kada kowa ya ba shi masauki ko abinci, abin da ke tilasta masa barin ƙasa. Daga baya cocin Katolika ta gaji kalmar. A shekarar 1208 Paparoma Innocent na Uku ya ɗora wannan hani a kan Ingila baki ɗaya, saboda Sarki John ya ƙi amincewa da Stephen Langton a matsayin babban limamin Canterbury. Aka rufe yawancin ibadun coci a ƙasar har zuwa 1214. A Turancin Amurka na yau, sojoji da jami'an kwastan ke amfani da ita, da ma'anar tare hanyar makamai ko miyagun ƙwayoyi kafin su isa inda za su. Kalma ce mai nauyi a duk inda ta bi.

"Suspension" kuwa tushenta ratayewa ne. Abin da aka rataye bai faɗi ba, bai kuma tsaya da ƙafarsa ba. Yana lilo yana jiran a sauke shi. Da ita ake kiran gadar da ke rataye da igiyoyin ƙarfe, da ita ake kiran maganin ruwan da ake girgizawa kafin a ba yaro, da ita ake sallamar ɗalibi gida na mako biyu ko a hana ɗan ƙwallo buga wasa uku. Duk inda ta fito, tana ɗauke da alamar cewa abin na ɗan lokaci ne. Shi ya sa ma'aikaci zai karɓi takarda ya ga "suspension" ya yi ajiyar zuciya, ya ce ai da sauƙi, abokinsa kuma ya ga "interdiction" ya kasa barci, alhali a ƙarshen wata na farkon ne wayarsa ba za ta yi ƙarar shigowar albashi ba.

Yadda kalmar limaman coci ta zama kalmar akawu, aikin mulkin mallaka ne. Dokokin da Birtaniya ta shimfiɗa wa ma'aikatanta a ƙasashen da ta mallaka sun tanadi janye jami'i daga aiki da wani kaso na albashi kafin a yanke masa hukunci, suka kira wannan "interdiction". Daga nan ta shiga littafin da tsofaffin ma'aikata ke kira G.O., ta zarce zuwa Dokokin Aikin Gwamnati na yau. Dalili ke nan da za ka ji ta a bakin rundunar 'yan sandan Ghana ko a takardun gwamnatin Kenya, amma ma'aikacin ofis a Landan zai iya yin ritaya bai taɓa jin an faɗe ta da wannan ma'ana ba.

A can Ingila ma akwai wani tarkon. A al'adar aikinsu, wanda aka yi wa "suspension" domin a yi bincike, cikakken albashinsa yake karɓa. Tun a 1915, a shari'ar Hanley da kamfanin Pease, kotu ta ce mai ɗaukar aiki ba shi da ikon dakatar da ma'aikaci ya hana shi lada sai in yarjejeniyar aikin ta ba shi wannan iko. A 1978 kuma, a shari'ar Lewis da Heffer, Lord Denning ya yi bayanin cewa ba dole ne a saurari mutum kafin a dakatar da shi domin bincike ba, tun da matakin na riƙon ƙwarya ne, ba hukunci ba ne. Amma misalin da ya bayar na mutumin da aka dakatar ne yana karɓar cikakken albashi. Lauyoyi a nan gida suna son kafa hujja da wannan magana, ni kuwa ina ganin ana yawan ɗauko rabinta a bar rabi. Dakatarwar da ba ta taɓa aljihu ba, ana iya kiranta riƙon ƙwarya. Wadda ta tsayar da tukunyar gida wata takwas, ko me aka kira ta a takarda, mai ita da iyalinsa hukunci suke sha, kuma tun kafin a tabbatar da laifi.

Masu tsara dokokin sun hango wannan, shi ya sa suka sa wa'adi: bugun 2008 ya ce a fara matakan ladabtarwa a kuma kammala su cikin kwana 60, sai fa idan maganar ta shafi shari'ar aikata laifi. Duk wanda ya yi aiki a sashen kula da ma'aikata ya san yadda kwana 60 ke komawa shekara. Shugaban kwamiti ya tafi taro, an sauya wa sakatare wurin aiki, fayil ya shiga wani ofis bai fito ba. Kuma togaciyar nan ta shari'ar laifi ƙofa ce mai faɗi, domin da zarar EFCC ko ICPC ta kai magana kotu, agogon ma'aikatar ya tsaya, sai na kotu, shi kuwa ba ya sauri. A irin wannan jira ne kalmar da aka zaɓa a ranar farko take nuna nauyinta.

Abu ɗaya dai ya haɗa su: ko wacce aka rubuta, mutum yana nan a matsayin ma'aikaci. Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 2010 a shari'ar Bernard Longe da First Bank. An dakatar da Longe daga kujerar manajan darakta a 2002, daga baya hukumar daraktocin bankin ta zauna ta cire shi ba tare da ta aika masa da sanarwar taron ba, bisa tunanin cewa wanda aka dakatar ba ya cikin lissafi. Kotu ta ce dakatarwa ba ta yanke igiyar aiki ba, yana da haƙƙin a sanar da shi, ta kuma soke cirewar. Shari'ar ta kamfani ce, amma ƙa'idar ta shafi kowa.

Wannan zama a cikin aiki yana da haƙƙi, yana kuma da ɗawainiya, kuma ɗawainiyar ce mutane suka fi mantawa. Doka ta 030405 ta ce jami'in da ke ƙarƙashin kowanne daga cikin matakan biyu sai ya sanar da Babban Sakatarensa kafin ya bar garin da yake aiki, kuma ba zai fita ƙasar waje ba sai da izinin Shugaban Ma'aikatan Tarayya. Wanda aka yi wa "interdiction" kuma wajibi ne ya bar adireshin da za a same shi. Idan aka kai umarni can ya kwana bakwai bai bi ba, za a ɗauke shi a matsayin wanda ya ƙaurace wa aiki ba izini. Ƙauracewa aiki kuwa tana cikin jerin manyan laifuffuka, tare da cin hanci da almubazzaranci da ɓoye fayil. Ma'aikacin da zuciya ta ɗebe shi ya kwashe iyali ya koma Funtuwa ko Gombe ya rufe waya, zai iya fita daga zargin farko sumul, ya tarar an kore shi a kan na biyu, wanda shi ya jawo wa kansa. Umara ma, ko jinyar mahaifi a Alƙahira, sai da takarda.

Sai tambayar wa ya sa hannu. Tsarin mulki ya ɗora ikon ladabtar da ma'aikatan tarayya a kan Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya, ita kuma ta wakilta Manyan Sakatarori a kan jami'an da ke mataki na 13 zuwa ƙasa, ban da ikon kora, wanda ta sakar musu a kan mataki na 06 zuwa ƙasa kawai. Tun a 1981, a shari'ar Shitta-Bey, Kotun Ƙoli ta nuna cewa waɗannan dokoki suna da ƙarfin doka, kuma ma'aikacin gwamnati ba bawan ganin dama ba ne da za a sallama yadda aka so. Tun bayan gyaran tsarin mulki na uku, wanda ya ƙara sashe na 254C, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraron irin waɗannan ƙararraki. A gabanta, takardar da ta ce "suspension" a kanta, ta kuma yi maganar rabin albashi a cikinta, kyauta ce aka miƙa wa lauyan mai ƙara.

A nan maganar ta iso kan hadimai da mataimaka na musamman, domin sau da yawa su ne ke zama gaban kwamfuta idan maigida ya fito daga taro ransa a ɓace ya ce a rubuta takardar dakatar da wane. Da Hausa ya faɗa, ko da Turancin baka wanda ba ya bambancewa. Mai rubutu ne zai zaɓi kalma. Kafin ya zaɓa, ya kamata ya koma ya tambaya: ranka ya daɗe, da rabin albashi ko babu? Ya kuma tambayi daraktan kula da ma'aikata ko mutumin yana matakin da maigida ke da iko a kansa. Minti biyar ne, kuma sun fi shekara biyar a kotu sauƙi.

Wani abin da ke ƙara rikita mu shi ne dakatarwar da muka fi gani a kanun labarai ba ta ma fito daga wannan littafi ba. Lokacin da Shugaba Goodluck Jonathan ya dakatar da Sanusi Lamido Sanusi daga shugabancin Babban Bankin Najeriya a ranar 20 ga Fabrairun 2014, gardamar a kan wata kalmar ce daban. Dokar bankin ta 2007 ta ce shugaban ƙasa ba zai cire gwamnan ba sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa. Gwamnati ta ce ita ba cirewa ta yi ba, dakatarwa ta yi. Kafin a kai ga warware wannan a kotu, Sanusi ya zama Sarkin Kano a watan Yuni na shekarar. Babachir Lawal an dakatar da shi daga kujerar Sakataren Gwamnatin Tarayya a Afrilun 2017, aka sallame shi a Oktoba. Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen an dakatar da shi a ranar 25 ga Janairun 2019 bisa umarnin Kotun Ɗa'ar Ma'aikata. Godwin Emefiele a Yunin 2023, minista Betta Edu a Janairun 2024. Kowannensu da dokar da ta shafi kujerarsa, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya koma. Wannan ya sa kunnen jama'a ya saba da jin "an dakatar" a matsayin sallama cikin ladabi, har maƙwabta su fara yi wa ƙaramin ma'aikaci jaje tun ba a zauna a kan maganarsa ba.

Hadimin da aka naɗa ta hanyar siyasa ya san inda ya tsaya. Sashe na 151 na tsarin mulki ya ce masu ba shugaban ƙasa shawara na musamman suna riƙe da muƙaminsu ne bisa ganin damarsa, kuma muƙamin yana ƙarewa da ƙarewar mulkinsa. Mai irin wannan kujera takardar naɗinsa ce madogararsa, ba doka ta 030404 ba. Amma ma'aikacin dindindin da aka tura ofishin minista ya yi hidima yana nan ƙarƙashin Dokokin Aikin Gwamnati, da kariyarsu da takunkuminsu, ko da ya shekara uku yana shiga jirgi tare da maigida.

Mu masu rubutu da Hausa namu laifin a fili yake. Kalma ɗaya muke da ita a hannu, "dakatarwa", muna zuba mata abu biyu, wani lokaci uku, idan aka haɗa da hutun dole, wanda shi ma wani abu ne daban. Na ji masu ba da shawarar a ware "jinginewa" ga ɗaya, a bar "dakatarwa" ga ɗaya. Ban gamsu ba. Mai karatu a kasuwar Wuse ba zai san wacce ce mai rabin albashi ba sai an yi masa bayani, in kuwa sai an yi bayani, gara a sa bayanin a cikin jimlar tun farko. Hausa ba ta ƙi tsawo ba idan tsawon zai fitar da ma'ana.

Abin da muka tsayar a teburinmu tun daga wancan dare shi ne: in sanarwa ta ce "interdiction", mu rubuta "an dakatar da shi da rabin albashi". In ta ce "suspension", kuma mutumin ma'aikaci ne da Dokokin Aikin Gwamnati suka shafa, wakili ya kira hukumar ya tabbatar da abin da takardar ta ce game da albashi kafin mu rubuta "ba albashi", domin su ma masu fitar da sanarwar suna cakuɗa kalmomin. In mai muƙamin siyasa ne, mu tsaya a "an dakatar", kada mu taɓa maganar kuɗi.

Labarin dattijon nan mun gyara shi kafin azahar, muka sa bayanin gyara a ƙasansa. Na kira shi na shaida masa, na kuma ba shi haƙuri. Ya ce ya gode, amma in tura masa sabon kanun a waya, domin ya nuna wa mai gidan haya.